Kawuna da 'Yan Lise na Italiya

Shekarar da na zo Faransa karatu, a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, aka ba ni ɗaki, wani ɗan akurki da in na buɗe hannuwa sai na taɓa bangon nan da na can. Saboda haka duk hutun da ya samu, komai ƙanƙantarsa, sai in hau jirgin ƙasa in nufi Paris, gidan kawuna a Aubervilliers, inda ake tuƙa tuwo a tukunyar da ta amsa sunanta, ake kuma yi wa mutum faɗa da Hausa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Kafin ya baro Damagaram ya daɗe yana aikin sarbeyan a wani lise, babbar makarantar sakandare, wato shi ne mai tsayawa bakin ƙofa da safe yana tare 'yan latti, shi ne mai zagaya bayan azuzuwa yana shinshinar warin taba. Ya zo Faransa ya ƙaro karatu, ya samu aikin ofis a wani kamfani da ke kula da shige da ficen kaya a manyan sitocin unguwar, ya yi shekaru yana zaune gaban na'ura, amma a ransa bai taɓa ajiye wancan aikin ba. In ya shiga metro, kallon fasinjoji yake kamar zai tambaye su wa ya ba su izinin fita. Yakan ce ba a haifi ɗalibin da zai yi masa wayo ba, kuma da yake ɗaliban nasa suna can Nijar sun zama iyaye, babu mai ƙaryata shi.

'Ya'yansa biyu, duk a nan aka haife su. Babban namiji ne, lokacin yana da shekara goma sha shida, dogo siriri, mai tafiya yana ɗan sunkuyawa kamar yana ba rufin ɗaki haƙuri. Taubashina ne, don haka ina da ikon tsokanarsa yadda na ga dama, sai dai tsokanar ba ta da armashi, domin murmushi kawai yake yi ya matsa wa mutum wurin zama. Ban taɓa ganin yaro mai ƙarancin laifi irinsa ba. Ƙanwarsa kuwa ita ce bakin gidan, ita ce idonsa. Sai matar kawu, da muke kira Tanti, ma'aikaciyar jinya a wani gidan kula da tsofaffi, mace mai magana ɗaya a inda wasu ke yin goma.

Fitinar ta tele ta shigo. Wata ƙaramar tasha, irin wadda ba ta da abin nunawa ranar Lahadi bayan azahar, ta tono wani tsohon shiri na Italiya mai dogon zango, aka ɗora masa muryoyin Faransanci. Labarin 'yan aji ɗaya ne a wani lise, samari da 'yan mata, da shiriritar da suke tafkawa. An ce 'yan shekara sha shida ne, amma duk wanda ya dubi fuskokinsu ya san wasunsu sun yaye 'ya'ya. Ɗaya har sanƙo ya fara yi masa sallama, wani kuma in kyamara ta matso sai a ga shuɗin gemun da aka aske da safe. Akwai tagwaye maza da ke musanyar kujera ranar jarrabawa. Akwai wata da ke suma duk lokacin da aka kira ta gaban allo. Akwai wanda kakarsa ke zuwa har cikin aji da lema tana korar malamai. Malamin kimiyyarsu gashin aro yake sawa, kuma da wuya mako ya wuce iska ko ƙugiya ba ta ɗauke masa shi ba. Baki na motsi daban, magana na fitowa daban, hannuwa kuwa ba sa hutawa, ko gishiri za su ce a miƙo musu sai ka ɗauka gobara ce ta tashi.

Yarinyar ce ta fara kallo, don ta yi dariya. Kawu ya zo wucewa zai je alwala, ya tsaya, ya ce wannan wane irin rashin tarbiyya ne, ya zauna a hannun kujera don ya ga iyakar rashin tarbiyyar. Lahadin da ta biyo baya shi ya riga kowa zama. Bai taɓa dariya ba. Abin da mu muke kallo don wasa, shi rahoto yake karɓa. A ganinsa an buɗe masa ƙofar ajin Turawa ke nan, ya ga abin da ake ɓoye wa iyaye. In aka ce masa ai Italiya ce ba Faransa ba, sai ya ce dutse ɗaya ne ya raba su. In aka ce shirin ya girmi 'ya'yansa, sai ya ce to, wannan na da ke nan, a ƙiyasta na yanzu.

Na sha zama da su a irin wannan Lahadin, cikina cike da tuwo, ina kwance a kan kafet. Mu muna bayan yaran, muna fata su tsira. Shi kuwa yana bayan shugaban makarantar, wani mai tumbi da kullum yake isowa bayan an gama ɓarna. Kawu kan yi masa gyara daga kujerarsa kamar mai koyar da ƙwallo. Ya ce ba a shiga aji ta ƙofar gaba. Ya ce takalminsa na ƙara, shi ya sa suke jin zuwansa. Ran da shugaban ya tsaya yana tambayar yara wa ya shigo da kaza aji, alhali fuka-fukin na maƙale a rigar ɗaya daga cikin tagwayen, kawu ya tashi tsaye ya nuna telen da yatsa, ya koma ya zauna yana girgiza kai, ya ce da a ƙarƙashinsa mutumin nan yake da ko ƙararrawa ba zai bar masa ya buga ba.

Daga nan taubashina ya shiga uku. Duk abin da 'yan Italiya suka aikata ranar Lahadi, shi zai amsa tambaya a kansa ranar Litinin. Makon da wani ya tsoma ma'aunin zafin jiki cikin shayi don ya tsere wa jarrabawa, aka yi rashin sa'a yaron ya kamu da mura ta gaske. Kawu ya kwashe duk kofin da ke ɗakin, ya tsaya a kansa ya auna shi, ya sake aunawa, sannan ya fito ya gaya wa Tanti zazzaɓin na gaskiya ne, da muryar wanda aka yi wa ƙwace. Tanti, da ta wuni tana auna zafin jikin tsofaffi a wurin aiki, ta ce ta gode da aka sanar da ita. Makon da suka rubuta amsoshi a ƙasan takalmi, kawu ya juye takalman yaron a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya samu cingam. Makon tagwaye abin ya ɗaure masa kai, tun da ɗansa shi kaɗai aka haifa, amma duk da haka ya tambaye shi ko akwai wani baƙar fata mai tsayinsa a ajin, domin a ganinsa malaman nan ba za su bambance su ba. Wannan dai, in za a bi gaskiya, ba shi ne mafi wautar abin da ya taɓa faɗa ba.

Yarinyar ta gano cewa shirin duka yana kan intanet. Ta kalle shi tas a cikin hutu ɗaya, ta zama mai duban gidan. Ranar Asabar takan leƙa ɗakin yayanta ta sanar da shi laifin da zai yi jibi. Ta ce ya zazzage jakarsa don za a nemi kwaɗo a ciki, ko ya tanadi bayanin inda ya samu babur ɗin da ba shi da shi. Ita kanta kawu bai taɓa bincikarta ba, domin 'yan matan shirin suma da kuka kawai suka iya, ita kuwa ba ta suma. A ƙarƙashin wannan inuwar ta ƙara huda kunne, ta daɗe tana zuwa kasuwar Barbès da ƙawayenta bayan an tashi daga lakkwal, wato makaranta, suna gwada takalman da ba za su saya ba, babu wanda ya ce mata kanzil.

Na taɓa tambayar yaron me ya hana shi gardama. Ya ce in ya yi gardama binciken zai yi tsawo, in ya yi shiru kuwa baba na gamawa zai tafi. Da Faransanci ya ba ni amsar. Hausarsa ta gaisuwa ce da amsa kira.

Da sanyi ya fara sauƙi, malamar tarihinsu ta shirya kai ajin Lyon, su ga kangon Rumawa da tsohon gari. Tanti ta amince, kawu ya yi ƙunƙuni ya bari. Sai ga Lahadin da ta gabaci tafiyar. Yarinyar ta gaya mini daga baya cewa ta san abin da ke tafe, ta ɓoye rimot a cikin buhun shinkafa, ta ce kanta na ciwo a bar telen a kashe, amma kawu ya lalubo maɓallin da ke jikin akwatin ya kunna. A shirin ranar, yawon buɗe ido aka kai 'yan Italiya wani tsohon birni. Kafin a je talla sun sulale daga layi, sun ɗare babur ɗin wani, sun bi wasu 'yan mata baƙi, ɗaya ya faɗa cikin ruwan da ke tsakiyar dandali, aka ƙare da malamin kimiyya a wajen 'yan sanda, kansa fayau babu gashi.

Da yamma kawu ya kira ni. Ko gaisuwar bai ƙarasa ba, shi da kan tambayi lafiyar mutum har da ta maƙwabcin ɗaki. Ya ce tun da Allah Ya sa ina garin, amana ce a wuyana in sa ido. Na ce to kawu, ina da aiki a ɗakin gwaje-gwaje, amma zan leƙa. A raina na shirya in kira yaron, in tsokane shi, in aiko da rahoton cewa komai lafiya. Kawu ya ji wannan "to" ɗin tawa, ya auna ta, ya ga ba ta da nauyi. Washegarin isowar yaran, da safe ina tsaye ina jiran taram, ya sake kira ya ce in zo tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu in tare shi, ya sauka.

Sai da na wuce shi. Mutumin da na saba gani cikin kwat mai ruwan toka, ko jamfa da hula ranar Juma'a, shi ne tsaye jikin wani ginshiƙi da wata doguwar rigar sanyi baƙa har ƙwauri, ya ja hular hana-salla har gira, ga baƙin tabarau da ya saya a Barbès, 'yar takardar shagon na lilo kusa da kunnensa. Ya ce Tanti ta san aikin kamfani ne ya kai shi wani gari. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce masa, da iyakar ladabin da na samu, irin wannan shigar ce ake zana wa yara a lakkwal a ce in sun gani su gudu. Ya ce ni yarinya ce, ban san aikin ba. Ya yarda dai na cire masa takardar.

Ya haddace tsarin tafiyar yaran. Muka hau ɗan jirgin da ake ja da igiya zuwa kan tudu, inda tsohon filin wasan Rumawa yake da kujerunsa na dutse hawa-hawa. Ga su can ƙasa, malamar na tsakiya, wata 'yar gajeruwa mai jar jaka, tana ta nuna duwatsu. Yawancin yaran wayoyinsu suke kallo. Taubashina kaɗai na gani yana duban inda take nunawa. Kawu ya laɓe bayan wani guntun ginshiƙi da bai kai faɗin kafaɗarsa ba, ya ce in lura da kyau, mai yawan natsuwar nan shi ke da shiri. Wasu tsofaffi 'yan yawon buɗe ido suka zo wucewa suka kewaye mu, ɗayarsu ta rungume jakarta da hannu biyu.

Haka muka yi ta bin su. In sun tsaya mu tsaya, kawu ya yi kamar yana karanta allon bayani, sau ɗaya ma allon hana karnuka shiga ne ya tsura wa ido. In sun motsa mu motsa. Na ga wasu cikin yaran sun fara waiwaye suna taɓa juna. Na ce wa kawu an gan mu. Ya ce ba a taɓa ganinsa ba in bai so ba. Yaron kuwa bai waiwayo ko sau ɗaya ba, wuyansa ya ƙage kamar an dasa masa ƙarfe, a nan na gane tun tuni ya shaida tafiyar ubansa.

Bayan sun gangaro sun ci abincinsu a bakin kogi, mu kuwa muna bayan wata motar kaya da yunwa, sai suka shiga tsohon gari. Wannan unguwar tana da wasu lunguna da ke ratsa cikin gidajen mutane. Ka tura ƙofa kamar ta gida, ka bi dogon soro mai duhu, ka ɓulla tsakar gida, ka sake bin wani soron ka fito wani titi daban. Malamar ta tura irin wannan ƙofar, yaran suka dinga shigewa. Kawu ya damƙi hannuna, ya ce nan ne, in za a sulale a nan za a sulale. Ya ce in zagaya in tsare ɗaya bakin, shi zai bi su ta baya, haka suke kama masu tsallake katanga a Damagaram. Na ce mu haƙura mu nemi abin da za mu ci. Kafin in rufe baki ya tura ƙofar.

Na zagaya, don ban san abin da zan yi ba in ban zagaya ba. Na tsaya gaban wani shagon alewa ina jira, ba wanda ya fito. Da jiran ya yi yawa na tura ƙofar na shiga. Tun daga cikin soron na fara jin muryar kawu, ba ta sarbeyan ba, wata siririya da ban san yana da ita ba.

A tsakar gidan yaran sun cure wuri ɗaya bayan malamarsu kamar 'yan tsaki. Kawu na jikin bango, 'yan sanda biyu a gabansa, namiji da mace. Ashe tun a kan tudu malamar ta san ana bin su, ta kira 'yan sanda, ta shigo da yaran nan da gangan ta tsaya jira. An sa ya cire tabarau da hula. Yana laluben takardunsa cikin rigar da bai saba da aljihunanta ba, gumi na sheƙi a kansa. Wayoyin yara duk sun ɗaga sama. Wata tsohuwa ta buɗe taga daga bene ta jingina, ta gyara tsayuwa. Na matso na ce kawuna ne. 'Yar sandar ta ɗaga mini hannu, ta ce in tsaya inda nake, ni ma za a zo kaina.

Ɗan sandan ya tambaye shi dalilin da ya sa yake bin yara tun safe. Kawu ya fara bayani da Faransancin nan nasa na littafi, wanda ya fi na ɗan sandan tsabta, cewa shi tsohon ma'aikacin ilimi ne, ya san abin da ke faruwa a irin wannan tafiyar, kuma ɗansa na cikinsu. Ɗan sandan ya ce madalla, mene ne sunan yaron.

A nan kawu ya kakare. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin kawu aka sa masa. Tun da aka haife shi kawu bai taɓa furta sunan ba. "Kai" yake ce masa, in yana ba da labarinsa ya ce "yaron nan". Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Ɗan sandan ya dubi abokiyar aikinsa. A wajensu ga mutum mai baƙin tabarau ya ce yana da ɗa, amma bai san sunansa ba.

Sai taubashina ya ratso ta cikin 'yan ajin ya fito. Bai dubi uban ba, malamar ya duba.

"C'est mon père, madame," ya ce. Babansa ne.

Ɗan sandan ya ce, "Ka tabbata? Dube shi da kyau. Ba wanda zai taɓa ka in ka faɗi gaskiya."

Yaron ya juya ya dube shi da kyau, kamar yadda aka ce. Ya dubi rigar, ya dubi hular da ke hannunsa, ya dubi gumin.

"Na tabbata," ya ce.

Fuskar malamar ta yi ja. Ta fara ba da haƙuri, sai kuma, da tsoron ya sake ta, haushi ya maye gurbinsa. Ta ce ta daɗe tana koyar da yaron nan ba ta taɓa ganin mushe, wato uban, ba, duk taron iyaye madam ce ke zuwa, wani lokaci da rigar aiki a jikinta. Ta ce a duk ajin shi kaɗai ne ba ta waiwayawa ta tabbatar yana nan. Ta ƙara da cewa in mushe yana sha'awar raka su, ai sai da ta yi ta roƙon iyaye a samu mai rakiya, ba wanda ya amsa, da ya zo a fili da har kujera za a ba shi a mota da abincin rana.

'Yar sandar tana miƙa masa takardunsa ta ce tana da tambaya ɗaya: ya ce ya san abin da ke faruwa a irin wannan tafiyar, a ina ya sani? Kawu ya ce ya gani. Ta ce a ina? Da ya yi shiru da ya fi masa. Amma kawu ba ya barin tambaya babu amsa. Ya ce a wani shiri na Italiya da ake nunawa ranar Lahadi.

"Mai tagwayen nan?" ta ce. "Kakata ba ta bari ya wuce ta."

Wani yaro a baya ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Tsakar gidan kuwa ƙunci gare ta da dogayen bangaye, dariya in ta tashi ba ta da hanyar fita. Malamar ta tattara yaranta ta yi gaba. Taubashina na cikinsu, ya ƙara sunkuyawa fiye da kullum.

Na ɗauki kawu muka hau metro, muka sauya taram, har ɗakina. Duk hanyar hular na bisa cinyarsa. Ya yi alwala, ya yi salla, ya daɗe zaune a kan sallaya, ƙafafunsa na taɓa ƙofa. Na dafa shinkafa da miyar tumatir da kifin gwangwani. A gaskiya tausayinsa ya kama ni, na ɗauka in ya buɗe baki wani abu zai fito da ban taɓa ji ba. Ya cinye abincin tas, ya sha ruwa, sannan ya ce malamar nan yarinya ce ba ta san aiki ba, ba a tafiya gaban ɗalibai, a bayansu ake tafiya. Daga nan ya tambaye ni manyan takalman da ya gani a ƙofar ɗakin da ke kusa da nawa na wane ne.

A tasha ya ce kada in gaya wa Tanti. Ban ma samu damar cika alkawari ko saɓa shi ba. Kafin jirginsa ya isa Paris, hoton ya tashi daga wayar 'yan ajin ya sauka a ta ƙanwar, daga nan ya wuce ta Tanti. Yarinyar ce ta ba ni labarin yadda aka tare shi. Ta ce Tanti ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo abinci, ta tambaye shi yaya aikin kamfani, yaya kuma ya baro 'yan sandan. Da ya fara bayani ta dakatar da shi, ta ce abu ɗaya take so.

"Malam, faɗa mini sunan abokin ɗanka guda ɗaya."

Kawu ya yi ta juya cokali a cikin miya. Yarinyar ta ce daga bakin ƙofar kicin ta taimaka masa, ta ce amma ai baba ya san sunayen 'yan Italiya duka, har da na kakar nan mai lema. Ranar ce kaɗai na ji an ce Tanti ta kore ta daga falo.

A lise aka laƙaba wa yaron "ɗan sufeto", sunan bai bar shi ba har ya gama. Wasu 'yan ajin suka yi ta zuwa da baƙin tabarau suna laɓewa bayan ƙofa in ya zo wucewa. Bai kai ƙara ba. A gida ma bai yi tawaye ba, bai ɗaga murya ba, bai buga ƙofa ba. Ya dai rage zama a falo, in an zuba abinci ya ci da sauri ya tashi, duk abin da uban ya ce ya amsa da to. Kawu ya daina binciken, amma ya ce ba don komai ba sai don tashar ta cire shirin ta sa na girke-girke. Da lokacin shiga jami'a ya yi, yaron ya gano cewa duk faɗin Paris babu inda ake koyar da abin da yake so, sai can Toulouse.

Bara aka yi sunan ɗan wani ɗan ƙasarmu a Aubervilliers, na je. Kawu ya manyanta, furfura ta ci gemunsa, yana zaune tsakiyar maza yana koya wa angon ƙarni, wani matashi ɗan Tawa da bai daɗe da zuwa ba, yadda ake riƙon 'ya'ya a ƙasar nan. Na ji yana ba da labarin Lyon. A bakinsa, 'yan sanda da kansu sun yaba da sa idonsa, malamar ta nemi gafara, kuma a duk tafiyar ko yaro ɗaya bai sulale ba. Mazan na gyaɗa kai suna cewa haka ne, Alhaji.

Taubashina ya zo hutu, ya zama magidanci a ido, da gemunsa, shi aka ba raba shayi. Ya ajiye tiren ya fita wajen matakala, na bi shi don in tsokane shi. Na ce yaya ɗan sufeto. Ya yi murmushi, ya zauna a kan tudun matakalar. Hausarsa ta ƙaru, amma da ya zo kan zancen sai ya koma Faransanci.

Ya ce akwai wata yarinya a ajin da ke zama gabansa. Ya daɗe yana kallon ƙeyarta bai taɓa ce mata komai ba, in ban da aron biro. Ya ƙudura a Lyon zai yi mata magana, a bakin kogi, har ya haddace abin da zai faɗa a gaban madubin banɗaki. Ita ce ta fara hango mutumin mai baƙin tabarau, ita ta gaya wa malama. Bayan sun koma Paris ta same shi ta ba shi haƙuri, ta ce ba ta san babansa ne ba. Ya ce mata ba komai. Wannan ita ce hira mafi tsawo da suka taɓa yi.

Na ce ashe kawu bai yi tafiyar banza ba, ya samu abin da ya hana.

Ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya dafe bango. Daga ciki wani ya leƙo ya ce shayin Alhaji ya huce. Ya share ido da bayan hannu, ya tashi ya koma.